Yadda Ƙanena Sale Ya Rasa Ƙafarsa a Gidan Mari

Da sunan Allah nake farawa, Shi ne kuma shaidata a kan abin da zan faɗa. Sunana Hajara. A Tudun Kaya ta ƙasar Karaye aka haife ni, aure ya kawo ni Rogo. Labarin ƙanena Sale zan bayar, da jinyar da na yi masa a farkon shekarun casa'in, domin har yau ina jin ana ba mutane irin shawarar da aka ba mu.

Sale ba mahaukaci ba ne. Wannan nake so a fara riƙewa. Yana ƙaramin yaro sanƙarau ya kama shi, Allah ya tashi kafaɗunsa, amma hankalinsa a nan ya tsaya. Jiki ya yi ta girma har ya zama ƙato mai gemu, tunani kuwa na yaron da bai fara famfarar haƙori ba. Bai san canji ba, bai iya ɗaure tazugen wandonsa ba sai an ɗaure masa. Amma ya iya jan ruwa, ya iya roron gyaɗa, kuma duk akuyar da ke gidanmu ta san muryarsa. Idan Fulani suka sauka a gonakinmu bayan girbi, a wurin shanunsu yake wuni, su ba shi nono, ya dawo gida yana dariya. In an tada salla yana sahun baya, yana yin abin da ya ga ana yi. Ya haura shekara talatin bai taɓa kwana a wani wuri ba sai a ɗakin da ke jikin na Innarmu.

Da farkon damina Inna ta rasu. Babanmu dama ya daɗe da rasuwa. Sale ya ga an ɗauke ta, ya bi mutane har maƙabarta, ya dawo ya zauna a bakin ƙofarta yana jiran ta fito. Da ya gaji da jira sai ya shiga nemanta. Ya tare mata a hanyar rijiya yana leƙa fuskokinsu, yara suka samu abin yi, suna binsa da waƙa da jifa. Wata rana wani saurayi ya ce masa, da wasa wai, Inna tana cikin rijiya tana kiransa. Sale ya zura ƙafa zai sauka. Da ƙyar maza suka janyo shi. Da ya ga saurayin yana ƙyaƙyata dariya, sai ya ɗauke shi ya maka da ƙasa, kafaɗar saurayin ta goce.

Baffa Garba, ƙanen babanmu, shi ya tara dangi a kan maganar. Ina da tsohon ciki a lokacin, amma na je. Na ce a ba ni shi in tafi da shi Rogo.

Baffa ya ce, “Ke da kike gidan wani, ɗaki ɗaya, ga ciki haihuwa yau ko gobe? Ƙato kamar wannan in ya fusata wa zai riƙe shi? Yau kafaɗa ya goce wa ɗan mutane, gobe kisa zai yi.”

Ya ce akwai wani gida can gaba da Rogo, a wani ƙauye da ke kusa da iyaka, inda ake ajiye irin su Sale. Ana ciyar da su, ana yi musu addu'a, ana koya musu saƙar tabarma. Abin da ake buƙata daga dangi hatsi ne kawai duk kaka. Shi da kansa ya je ya gani, zaure a share tas, ga buzu, ga tulun ruwa. Ba zan kama sunan ƙauyen ba, ba zan kama sunan mai wurin ba, zan riƙa ce masa Mai Mari kamar yadda na ji mutanen wajen suna ce masa daga baya. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada kowa ya zo dubiya sai bayan kaka, wai don wanda aka kawo ya saba.

Aka ce wa Sale za a kai shi wurin Inna. Da gudu ya hau motar.

Na haihu, na shiga wankan jego. Duk wanda na ji zai bi ta wajen sai in ba shi ƙuli-ƙuli da fura ya miƙa. Su dawo su ce mini yana lafiya, har ƙiba ya yi. Sai daga baya na gane babu ɗayansu da ya wuce zauren nan, abin da aka faɗa musu suke kawo mini.

Ana tsakiyar yankan dawa Dije ta shigo gidana. Bafulatana ce mai tallar nono, mutanensu na sauka a gonarmu tun ina budurwa, ta san Sale sarai. A shekarar rugarsu na kusa da ƙauyen. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba, ta sauke ƙwaryarta ta ce, “Hajara, na ga Sale a gonar mutumin nan. Da ƙarfe a ƙafarsa yake ɗaukar dami. Ya faɗi, na ga an hau shi da dorina. Na kira sunansa, bai ɗago ba. In kina son ki same shi da rai, kada ki wuce gobe.”

Maigidana tela ne a kasuwar Rogo. Da ya dawo na faɗa masa, ya rufe keken ɗinkinsa da zane. Da safe muka hau acaɓa biyu, jaririyata a bayana.

Mai Mari ya karɓe mu a zauren da Baffa ya yaba. Dattijo ne mai tsabta, mai taushin murya. Ya ce Sale yana cikin magani, in ya ga ɗan'uwa yanzu aiki zai koma baya. Malam, wato maigidana, ya yi ta ba shi haƙuri yana cewa ko daga nesa ne mu hango shi. Suna cikin haka na ji wani kuka daga can ciki, ba irin na mutum ba, irin na dabbar da aka danne za a yanka. Ban san lokacin da na miƙe na kutsa ba.

Bayan zauren akwai wani dogon ɗaki na ƙasa, babu taga. Warin ne ya fara tare ni, sai da na toshe hanci da mayafi. Da idona ya saba da duhun na ga maza a zube a ƙasa, babu tabarma, babu komai, kashi da fitsari a inda suke kwance. Akwai masu taɓin hankali na gaske, wasu an zura ƙafarsu a turu. Akwai samari 'yan shaye-shaye da iyayensu suka kawo. Akwai kuma irin su Sale, waɗanda ba su da laifin komai sai ƙarancin wayo. Duk an haɗa su wuri guda, an ɗaure su bibbiyu, ƙafar wannan da ta wancan a mari ɗaya.

Na yi ta kiran sunansa. A can lungu wani ƙwarangwal ya motsa. Da ba don tabon da ke goshinsa ba da na wuce shi. An aske masa gemu da kai, haƙoransa na gaba babu, hannunsa na hagu ya lanƙwashe a inda babu gaɓa. Na miƙa hannu zan taɓa shi, sai ya dunƙule ya rufe kansa yana cewa, “Na daina, na daina.”

Na ce, “Sale, ni ce. Yaya ce.”

Ya leƙo ta tsakanin yatsunsa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya yunƙura zai tashi. Tashinsa ya janyo wanda aka ɗaure su tare, wani ɗan tsurut mai babban kai, yawu na zuba daga bakinsa. Ashe akwai doka, ba a miƙewa sai da izini. Masu tsaron wurin tsofaffin 'yan shaye-shayen ne da aka kwance aka ba su bulala. Ɗayansu ya shigo a guje, a gaban idona ya zabga wa Sale dorina a wuya. Na shiga tsakani, ya sauke mini ta biyu a dantse, bakinta ya wuce ta gefen kan jaririyata. Har yau shatar tana hannuna.

Ihuna ne ya shigo da Malam. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba, ranar ya shaƙe mai tsaron nan ya haɗa kansa da bango. Sauran suka yo kansa da gora, suka fasa masa kai, jini ya wanke masa fuska da riga. Mutanen ɗakin suka ɗauki kururuwa, ƙarafa na ƙara, wasu na dariya, wasu na buga kai da ƙasa. Da sun kashe shi a wurin. Allah ya sa Dije ta faɗa wa mazan rugarsu za mu zo, suna nan kusa da shanunsu. Suka shigo da sandunansu. Babbansu ya tsaya a bakin ƙofa ya ce duk wanda ya ƙara ɗaga gora, shi zai fara kwanciya.

Mai Mari ya ce to mu ɗauki namu mu tafi, amma marin ba na mabuɗi ba ne, dasa shi aka yi, sai maƙeri. Aka kira maƙerin ƙauyen. Aka fito da su biyun tsakar gida, a nan na ga ƙafar Sale da hasken rana. Ƙarfen ya ci nama ya shige ciki, fata ta kumbura ta rufe shi. Daga idon sawu zuwa yatsu ta yi baƙi ƙirin, tsutsa na motsi a ciki. Fulani uku suka danne shi, maƙerin ya ɗora ƙarfen a kan dutse yana sara. Kowane bugu ɗaya sai Sale ya sandare ya kira Inna. Maƙerin da kansa hawaye yake yi yana aikin.

Da ƙarfen ya rabu aka ciccibi Sale, sai ɗan tsurut ɗin nan ya riƙe masa gefen riga da hannu biyu. Ba ya magana, gurnani kawai yake yi. Wani mai tsaron ya taka masa yatsu da dunduniya har ya saki. Malam, jini na zuba a idonsa, ya roƙi a ba mu shi ma. Mai Mari ya ce, “Naku ne? Wanda ya kawo shi shi zai ɗauke shi.” Haka muka fito muka bar shi a zaune a rana, guntun ƙarfe a ƙafarsa.

Satin farko a ƙaramin asibitin da ke kusa da mu muka yi shi. Aka ɗinke wa Malam kai, aka wanke wa Sale ƙafa, aka yi masa allurai. Zazzaɓi ya ƙi sauka. In ya yi fitsari sai ya fito ja. Bayansa kuwa babu inda za ka ɗora tafin hannu ba ka taɓa shatar bulala ba, sabuwa a kan tsohuwa. 'Yan'uwa suka yi ta zuwa dubiya, kowa da tasa. Wannan ta ce a barbaɗa garin bagaruwa. Wancan ya ce a kira wanzami ya tsaga ya fitar da mataccen jini. Wata gwaggonmu ta ce iska ce ta shiga ƙafar, a mayar da shi inda aka ɗauko shi a ba da haƙuri. Ita kam na ce ta tashi ta fita. Ma'aikacin asibitin ya kira Malam gefe ya ce abin ya fi ƙarfinsu, baƙin yana hawa sama, mu nufi Kano tun da sauran lokaci.

A tasha direbobin bas suka ƙi ɗaukar mu saboda wari. Ban ga laifinsu ba, amma na yi kuka. Wani mai akori-kura da ya yi lodin gyaɗa ya ce mu hau, ya gyara buhuna aka kwantar da shi, ya ƙi karɓar ko sisi. Ban san sunansa ba. Duk sallar da na yi ina sa shi a addu'a.

A babban asibitin da muka je, layin yankan kati kaɗai ya cinye mana safiya. Daga nan aka ce babu gado. A baranda muka shimfiɗa tabarma, ni da jaririya da Sale, Malam na zarya daga wannan taga zuwa waccan. Masu wucewa na toshe hanci. Wata ma'aikaciya ta ce mu matsa da mahaukacinmu can nesa da ƙofa. Na ce mata ba mahaukaci ba ne, ta ce ita duk ɗaya ne a wurinta. Komai kuma sai mun saya da kanmu, auduga, safar hannu, ruwan da za a ƙara masa. Abin da muka zo da shi ya ƙare kafin likita ya gan mu. Malam ya koma Rogo ya sayar da gyaɗar da muka noma, da tunkiyata. Da aka zo maganar tiyata keken ɗinkin ma ya bi su.

Likitan da ya duba shi matashi ne. Ya buɗe ƙafar, ya juya shi ya ga bayansa. Sannan ya tambaye ni wa ya yi wannan. Na faɗa masa. Abin da ya ce bai taɓa fita daga kaina ba. Ya ce, “Baiwar Allah, wannan ba cuta ba ce, aikin hannu ne. Ƙafar ta mutu tun kafin ku ɗauko shi. Ko mu cire ta, ko ta tafi da shi.”

Aka aika wa Baffa Garba, tunda shi ne uba. Ya zo da faɗansa. Ya ce shi ba zai sa hannu a yanke ɗan ɗan'uwansa ba, yadda Allah ya halicce shi cikakke haka za a binne shi. Ya ce mu muka jawo, da muka je muka tayar da rigima aka fasa magani a tsakiya.

Ban taɓa mayar wa Baffa magana ba tun da nake. Ranar ma ban mayar ba. Na kama hannunsa na kai shi bakin gadon, don a lokacin an samu gado, na yaye zanen da ke bayan Sale. Na ce, “Baffa, ga maganin.”

Ya tsaya yana kallo. Sale ya buɗe ido ya gan shi, ya ce, “Baffa, ba a kai ni wurin Inna ba.”

Baffa ya fita waje. Da ya dawo ya dangwala yatsa a takardar. Da aka ce ana buƙatar jini, shi ya fara naɗe hannun riga, duk da tsufansa, sai da aka ce nasa ba zai yiwu ba sannan ya je ya kawo 'ya'yansa maza. Ina da abin da nake riƙe da shi a kan Baffa har ya koma ga Allah, amma wannan ma ba zan ɓoye ba.

Aka yanke ƙafar a ƙasan gwiwa. Na ɗauka wahala ta ƙare, ashe sabuwa ce ta fara. Da ƙarfinsa ya soma dawowa sai tsoro ya dawo tare da shi. In aka turo keken magani ƙarafa suka yi ƙara, sai ya wuntsilo daga gado, ɗinki ya ɓalle, jini ya ɓalle. In namiji ya matso da wani abu mai tsawo a hannu, ko da robar ƙarin ruwa ce, sai ya kai duka. Ya ture wani ma'aikaci ya faɗa kan gadon wani majinyaci. Wata safiya ina goge masa jiki na kama idon sawun ƙafarsa mai lafiya ban yi masa magana ba, ya kai mini naushi a baki. Haƙorina ɗaya ya fita, leɓena ya tsage. Da ya ga jini a haɓata sai ya fara marin kansa da hannu mai lafiya yana cewa, “Sale ya yi laifi, a doki Sale.” Sai da na rungume hannun da dukan ƙarfina.

Bayan wannan ma'aikatan suka ɗaure shi a jikin gado da bandeji, hannu da ƙafa. Na roƙe su, suka ce lafiyar sauran majinyata suke karewa. Da gaskiyarsu, amma abin da na gani ba zan so maƙiyina ya gani ba. Ya yi ta fizga har gadon na tafiya, ya ciji harshensa, kumfa da jini na fita ta gefen baki, ya saki fitsari. Da likitan ya zo zagaye ya sa aka kwance shi nan take. Ya ce a mayar da gadonsa ƙarshen ɗaki, kada wanda ya taɓa shi sai ina wurin, kuma a riƙa faɗa masa abin da za a yi kafin a yi. Wata sista mai shekaru ta karɓi wankin ciwon. Kullum sai ta tsaya daga nesa ta ce, “Malam Sale, in zo?” In ya ce a'a ta tafi ta dawo. Ita ta koya mini wanke dungun da naɗe shi. Allah ya saka mata.

A sati na uku ko na huɗu ya fara tambayar ƙafarsa. Ya ce yatsun na yi masa ƙaiƙayi, in sosa masa. Na ce an cire ta don ta lalace. Ya ce to a ajiye masa, in ta warke a mayar.

A wannan tsakanin ne maƙwabtan gadonmu suka fara ƙorafin wari. Na duba ciwon, lafiya lau. Da na ɗaga matashinsa sai na tarar da tuwo, da ƙosai, da guntun burodi, duk sun yi tsami. Na kwashe na zubar. Ya yi kukan da bai yi ba ranar tiyata. Washegari na lura da shi. Duk abin da na ba shi sai ya raba biyu daidai, ya ci rabi, ya tura rabi ƙarƙashin matashi.

Na ce, “Sale, wa kake ajiye wa?”

Ya ce, “Na Iro ne. Iro ba ya iya ƙwata.”

Iro shi ne wanda aka ɗaure su tare. Da kaɗan-kaɗan, yau kalma biyu gobe uku, na haɗa labarin. Akushi ɗaya ake turo wa mutum da yawa, masu ƙarfi su wawashe. Sale ke kutsawa ya damƙo, ya raba da Iro. In za a je gona shi ke ɗaukar damin su biyu, don Iro ba ya iya ɗauka, kuma in ɗaya ya gaza duka biyun ake duka. Hannun nasa ma a kan Iro ya karye. Iro ya yi kashi a wando, mai tsaro ya ɗauko taɓarya, Sale ya kwanta a kansa ya tare da hannu.

Muka dawo Rogo bayan an shiga sanyi. Malam ya yanki wani ɓangare na tsakar gida ya gina masa ɗaki, kafinta ya yi masa sanda. Hannun bai miƙe ba har abada, mai ɗori ya ce ƙashin ya riga ya haɗe a karkace. Malam ya koma ɗinki da keken aro. Sale kuwa kullum gari ya waye tambayarsa ɗaya ce, yaushe za a kawo Iro.

Malam ya shiga cigiya a kasuwa, har Allah ya sa aka dace. Mutanen Iro 'yan Daura ne, ta nan ƙasar Karaye. Muka je muka sami mahaifiyarsa, wata tsohuwa mai sayar da daddawa. Ta ce ai ɗanta na nan lafiya, bai daɗe ba ta aika da hatsinsa, aka ce mata har ya fara saƙar tabarma. Na nuna mata shatar da ke hannuna, na ba ta labarin abin da na gani. Kafin in gama ta aika a kira yayyensa.

Da suka je, aka ce musu Iro ya rasu tun ba a gama girbi ba, jim kaɗan bayan tafiyarmu. An binne shi a bayan gidan, ba a sanar da kowa ba. Yayyensa suka fasa zauren, suka yi wa masu tsaron dukan kawo wuƙa, ɗaya sai da aka kwantar da shi a asibiti. Magana ta je gaban manya. Aka kira Mai Mari, aka kira mu, aka yi ta zama. Wasu iyayen suka zo suka kwashe nasu, wasu kuwa suka ce su ba su da inda za su kai su. Ƙarshenta ya tattara ya koma wani gari, na kuma ji bai daɗe ba ya sake buɗewa. Babu wanda aka ɗaure saboda Iro, babu wanda aka ɗaure saboda ƙafar Sale.

Bayan an yi sadakar Iro tsohuwar ta zo gidana. Ta ce tana so ta ga wanda ya zauna da ɗanta. Ta same shi a bakin ɗakinsa da rana, na zuba masa dambu. Na ce, “Sale, ga innar Iro.”

Ya kalle ta, ya leƙa bayanta. Ya ce, “Ina yake?”

Tsohuwar ta zauna a ƙasa kusa da dungun ƙafarsa. Ta ce, “Ya tafi gida, ɗana. An kwance shi.”

“Ana dukansa?”

“Ba mai dukansa yanzu.”

Ya dubi dambun da ke gabansa. Sannan ya sa hannu ya raba dambun biyu, ya tura mata rabi. Ya ce, “Ki kai masa. Ki tsaya sai ya cinye, kada a ƙwace.”

Ta buɗe bakin mayafinta ta juye, ta ƙulle. Ba ta yi kuka ba sai da ta kai zaure.

Sale ya yi shekaru a wurina bayan haka. Ya koyi tafiya da sanda, yana ba awakina dusa, 'ya'yana suka tashi suna ce masa Kawu. Ba zan ce da sauƙi ba. Akwai ranakun da na gaji har na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi kuka, kuma har ya bar duniya ba a buga ƙarfe a gidana. Zazzaɓi ne ya yi ajalinsa, a kan katifarsa, kansa a cinyata. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Iro, ya saka wa duk wanda ya taimake mu.

Na san akwai gidajen da riƙon irin su Sale ya fi ƙarfinsu, ba kuwa zan zagi wanda ya nemi inda zai kai nasa ba. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Duk wurin da aka ce kada ka zo dubiya, kada ka bar ɗan'uwanka a can. In ka je, kada ka tsaya a zaure, ka shiga har inda yake kwana. Ka ɗaga rigarsa ka ga bayansa, ka ɗaga ƙafar wandonsa ka ga idon sawunsa. In ka gama da naka, ka dubi wanda ke zaune kusa da shi, ka tambayi sunan garinsu.